Ɗantala Ba Labarin Ta'addanci Ba Ne, Ku Bar Yi Masa Ƙazafi

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki: yanke wa littafi hukunci tun ba mu buɗe bangonsa ba. Littafin Elnathan John, Born on a Tuesday, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga a 2015, ya sha wannan wulaƙanci ta fuska biyu. Masu sharhi na Turai da Amurka sun fi ɗaukar sa a matsayin bayanin yadda ake ƙera ɗan ta'adda a Arewa. Wasu namu kuma suka ce ai marubucin ba Musulmi ba ne, don haka cin zarafi ya zo yi. Ni kam duka biyun na ce sun ɓata hanya.

Me ke cikin littafin? Yaro ne, Ɗantala, almajiri, ya faɗa cikin yaran gindin kuka a Bayan Layi. Lokacin zaɓen 2003 aka ba su kuɗi suka ƙone ofishin wata jam'iyya, aka zubar da jini, kuma da hannunsa a ciki. Aka harbe Banda, babban yaron da ke kare shi, shi kuwa ya ranta a na kare, sai Sakkwato. To, daga nan fa nauyin ya hau kansa. Ya je gida ya tarar ambaliya ta ci ƙannensa mata, Umma ta daina magana. Yana ina lokacin? Wannan tambayar ce ke cin yaron har ƙarshe, ba wa'azin Malam Abdul-Nur ba.

Sai kuma Jibril. Wallahi ban san wani littafi na kusa-kusan nan da ya riƙe abotar samari biyu da mutunci irin haka ba. Jibril yana koya masa Turanci, shi yana koya wa Jibril Larabci. Yana ganin tabon dukan da wan Jibril ke yi masa, amma ba shi da ikon hanawa. Wanda ya taɓa zama a zaure ɗaya da aboki, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, ya san irin wannan kunyar.

Ba na cewa littafin ba shi da aibi. Akwai wuraren batsa da ba sai an fito da su haka ba, kuma sashen ƙarshe ya yi gaggawa. A soke shi a kan wannan, ba a kan sunan mai shi ba.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Mu nan Gidan Katta, kullum muna kallon yara suna hawa mota zuwa Sakkwato, wasu su tsallaka Ƙwanni, da sunan karatu ko ci-rani. Ina labarinsu a littattafanmu da finafinanmu? A wurin marubutanmu da furodusoshinmu, aikin aboki bai wuce rakiya zance da kai wasiƙa ba. In jarumi ya yi kuka, budurwa ce ta yaudare shi. Alhali tun shekarun 1930 Jiki Magayi ya nuna mana Kyauta, yaron da ya kashe ubansa bai sani ba. Ashe hanyar tana nan, mu ne muka bar ta ta yi ciyawa, muka koma rawa a lambu. Har wanda kuke cewa bare ne ya zo ya rubuta almajirinku da Turanci, ku kuma ko fassara shi ba ku nemi a yi ba, sai zagi.