Ba Tsautsayi Ne Ke Cire Ƙafar Mota Ba

Duk wanda ke bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san wannan gani. Da an wuce Kawo, an doshi Rigachikun, ba a rasa wata Toyota Hiace da aka cire wa kujeru aka mayar ta ɗaukar kaya, ta durƙusa a gefen titi, tayar baya ta yi nata wuri. Masu wucewa su yi jaje, a ce tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne. Mota ta yi makonni tana kuka kafin ranar, mai ita ne ya toshe kunne.

A irin wannan mota, ƙarfen shaf da ke juya tayar baya shi ne kuma ke ɗauke da nauyin kaya, yana zaune a kan boris guda ɗaya a kowane gefe. Zobe na ƙarfe da aka matse da ƙarfi ke riƙe boris ɗin, sil na roba kuma ke hana man aksul kwarara zuwa burki. Idan boris ya fara ci, sai a ji gurnani mai ƙaruwa da gudu. Shaf ya soma rawa, ya cinye leɓen sil, mai ya jiƙa layinin burki. Burkin da ya sha mai ba ya kamawa. In aka ci gaba da tafiya, zafi ya lalata boris, zobe ya saki, shaf ya zare tare da taya.

Gyaran kirki sananne ne. Ana yanke tsohon zobe a jefar, domin ba a mayar da shi. Ana shigar da sabon boris da injin matsi, a sa sabon sil, a sauya layinin da ya jiƙa, a duba ɗan ramin shan iska na saman aksul, wanda in laka ta toshe shi, iskar da ta kumbura a ciki za ta tura mai ta sabon sil ɗin ma. Abin da ake yi a gindin bishiya daban ne: guduma da kurfi, tsohon zobe, layinin da aka wanke da fetur aka mayar.

Nan ne ake ɗora wa makaniki laifi, kuma nan ne zargin ya karkace. Masu waɗannan motoci da yawa ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu ilimi, waɗanda suka saye su don ƙarin abin shiga. Su ne ke sa ran direba ya kawo balas kowace yamma ko da me. Su ne ke cewa a sayo mai araha, a lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Motar da aka ƙera don abin da bai wuce tan guda da 'yan kai ba, an ɗora mata buhun masara mai kilo 100 har ta kusa goge ƙasa. Makanikin da ya dage kan gyaran gaske, gobe a kai motar wurin maƙwabcinsa.

Hukumar FRSC, wadda aka kafa a 1988, da jami'an KASTLEA suna iya duba takardu da taya, amma ba sa kwance aksul a bakin hanya. Ba su buƙatar haka ma. Danshin baƙin mai a cikin ƙafar baya ana ganinsa da ido, kuma mai mota na iya sunkuyawa ya duba kafin ya miƙa wa direba makulli.