Maye Cuta Ne, Mari Ba Ya Warkar da Shi

Da wuya a sami unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina ko Sakkwato wadda ba a san gidan da masifar shaye-shaye ta shiga ba. Yaron da aka sani da ladabi, ya sauke Alƙur'ani ko kuwa ya kama hanyar sauka, sai a wayi gari ya bar zuwa masallaci, idanunsa sun kaɗa, harshensa ya yi nauyi, kayan ɗakin uwarsa suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Uba ya yi faɗa, ya yi duka, har ya kai ga kora. Uwa tana kuka a ɓoye don kada maƙwabta su ji. Dalilin ɗauko wannan magana a wannan shafi shi ne, irin waɗannan iyaye wurin mutum biyu sukan fara kai kukansu, watau malamin unguwa da maigidan da yaron yake yi wa aiki a kasuwa. Abin da waɗannan biyu suka faɗa shi ake bi. In sun san cutar, yaro ya sami hanyar tsira. In kuwa ba su san ta ba, sai a ƙara masa ciwo da niyyar magani.

A fara da girman abin. Cikin shekara ta 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi suka yi bincike a Nijeriya duka, aka buga sakamakonsa a farkon 2019. Suka sami mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, waɗanda suka sha wani abin maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. Masu tabar wiwi sun kai miliyan 10.6. Masu shan magungunan kashe zafin ciwo ba da izinin likita ba, irin su tiramadol, miliyan 4.6. Masu maganin tari mai kodin miliyan 2.4. Cikin kowane mashaya huɗu, ɗaya mace ce. A Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta fiye da mutum miliyan ɗaya. Wanda ya dubi wannan lissafi ya san ba maganar 'yan tasha kaɗai ake yi ba. Akwai 'ya'yan malamai a ciki, akwai 'ya'yan attajirai, akwai matan aure cikin kulle.

To, ƙaƙa abin yake kama mutum? Mutane da yawa ba don neman nishaɗi suka fara ba. Ɗan dako ya haɗiyi ƙwaya don ya iya sauke lodin mota biyu maimakon ɗaya. Direba ya sha don ya kwana bisa hanya bai yi gyangyaɗi ba. Mai haƙar ƙasa da ɗan ƙodago a gona haka. Mace ta kurɓi maganin tari don ta sami barci daga baƙin cikin da ba ta da wanda za ta gaya wa. Likitoci sun bayyana cewa a cikin ƙwaƙwalwa akwai sashen da Allah ya halitta don mutum ya ji daɗin abin da yake raya shi, kamar abinci bayan yunwa da ruwa bayan ƙishirwa, domin ya sake nemansa. Kayan maye suna buga wannan sashe da ƙarfin da ya wuce na abinci nesa ba kusa ba. In aka yawaita, ƙwaƙwalwa takan rage jin nata don ta kare kanta. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa sai biyu, biyu ba su isa sai huɗu, sa'an nan sauran abubuwan jin daɗin duniya, hira da iyali da ciniki da karatu, duk su zama lami. Tiramadol da likita yake rubutawa mai awo 50 ne ko 100, amma wanda ake shigowa da shi ta bayan fage yakan kai 225, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya.

Sa'ad da mutum ya kai wannan matsayi, ba daɗi yake nema ba kuma. Gudun azaba yake yi. Mai kodin ko tiramadol in ya kwana bai sha ba, gaɓoɓinsa su yi ta ciwo, gumi ya karyo masa, hanci ya yi ta zuba, ciki ya ɓaci, barci ya ƙaurace, zuciya ta ƙi kwanciya. Ya san maganin wannan duka yana nan a kantin bakin titi, kuɗinsa kaɗan. Shi ya sa yakan rantse da Alƙur'ani da safe ya daina, da gaske kuma yake yi, amma kafin magariba ya koma. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan turke yana ɗaure mai wayo kamar yadda yake ɗaure wawa. Matasa sun fi saurin kamuwa, domin sashen ƙwaƙwalwa mai auna ƙarshen al'amari ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25.

Abin da aka daɗe ana yi wa irin wannan yaro a ƙasar nan sananne ne: a kai shi gidan mari. Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da maza da yara fiye da 300, waɗansu da sasari a ƙafa, da tabon bulala a baya. Wata na gaba aka sami irinsa a Daura da waɗansu garuruwa. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Ba a ce iyayen nan mugaye ba ne, rashin wata hanya ce ta kai su. Amma a yi hankali a duba: mari yana hana hannu kai wa ga ƙwaya muddin yana ƙafa, ba ya taɓa dalilin da ya sa aka fara sha. Ranar da aka kwance shi, yaro ya fito da sha'awarsa ta dā, ya ƙaro ƙiyayyar iyaye da ƙiyayyar malamai. Har wa yau akwai haɗarin rai, domin wanda jikinsa ya saba da giya ko ƙwayar barci irin su diyazafam, in aka yanke masa farat ɗaya ba likita a kusa, yana iya faɗuwa da jijjiga har ya mutu.

Malamai sun fi kowa sanin cewa Shari'a ba ta ɗauki wannan al'amari da gaggawa ba. Larabawa sun tashi cikin shan giya, haramcinta kuwa mataki mataki ya sauka. A Suratul Baƙara aka nuna cutarwarta ta rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, lokutan sha suka ƙuntata. Sa'an nan a Suratul Ma'ida aka yanke hukunci, sahabbai suka zubar da ita a titunan Madina. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta bayyana cewa da hanin giya aka fara saukarwa da mutane sun ƙi bari, amma sai da imani ya zauna a zukata tukuna. Ba wanda yake cewa hukunci zai koma baya. Haram ta tabbata har abada, duk abin da yake gusar da hankali kuma hukuncinsa ɗaya. Darasin da ya rage shi ne na halin ɗan Adam: Mahaliccinsa ya san sabo ba ya fita dare ɗaya.

Akwai kuma labarin da Buhari ya ruwaito na wani sahabi mai ban dariya, wanda aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya. Wata rana da aka sake kawo shi, wani daga cikin jama'a ya la'ance shi don yawan komawarsa. Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin nan yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwaya ya hana a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa. To, hukuncin nan a hannun shugaba yake, ba a hannun kowane mai zaure ba. Abin da aka bar wa jama'a shi ne kada su yanke mutum daga cikinsu. Wanda ya ce wa mashayi ɗan wuta, ya hana shi sahu, ya hana a gaisa da shi, ya mayar da shi wurin mutanen da kaɗai suke marhabin da shi, watau masu sayar masa.

Magani yana nan, kuma hawa uku ne. Na farko shi ne fitar da dafin daga jiki a hannun likita, wanda yake rage azabar da magunguna, yana lura da haɗari. Ga mai kodin ko tiramadol mafi tsananin wahalar takan wuce cikin mako guda ko kwana goma. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi da aka kafa a 1989 ita ma tana da ɗakunan ba da shawara a jihohi. Zuwa can ba shaidar hauka ba ce. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. Hawa na biyu shi ne binciken abin da ya kai mutum ga sha, ko baƙin ciki ne, ko ciwon jiki, ko zaman banza, ko abokai, a yi maganin wannan. Na uku, wanda ya fi tsawo, shi ne komawa cikin mutane. Nan ne aikin likita yake ƙarewa, na malami da ɗan kasuwa ya fara.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce a Nijeriya. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu ciwon ƙwaƙwalwa suke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, su zo asibiti da rana, su koma cikin jama'a da yamma. Ya ga mutum ya fi saurin samun sauƙi in ba a raba shi da mutane ba, tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Haka kuma a Amurka, cikin 1935, wani ɗan kasuwa da wani likita, dukansu giya ta ci ƙarfinsu, suka gane cewa in suna zama suna gaya wa juna gaskiya sun fi iya kamewa. Daga zaman mutum biyun nan aka sami ƙungiyoyin taimakon juna da suka bazu a ƙasashe masu yawa. Ƙasar Hausa tana da zaure da majalisa da karatun bayan magariba. Abin da ya rage a buɗe su ga wanda ya tuba.

Wajibi ne kuma a san cewa komawa bayan an daina tana faruwa. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa tsakanin 40 da 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake tuntuɓe, kusan daidai da masu hawan jini da asma da ciwonsu yake tashi bayan ya lafa. Ba wanda yake korar mai hawan jini daga gida don ciwonsa ya motsa, mayar da shi asibiti ake yi. Sai dai a gargaɗi mai jinya da iyalinsa: wanda ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya manta da sabon dā, in ya ɗauki adadin da ya saba yana iya zama ajalinsa. Saboda haka in ya zame, a gaggauta kama hannunsa a ranar, kada a jira kunya ta ɓoye shi mako guda.

Abin da ake roƙon malamai ke nan: in uba ya kawo ɗansa, a yi masa addu'a da nasiha, a kuma ce ya kai shi asibiti, domin neman magani ba ya karo da tawakkali. A rufa asirin gidan. A ba yaron wani aiki a masallaci, ko shara ce ko shimfiɗa tabarmi, don ya san ana jiransa sau biyar a yini. A tuna da mata, waɗanda kunya take hana a kai su ko'ina, a sa malamai mata su shiga gidaje. A kuma bar aurar da mashayi da zaton aure zai gyara shi, ana ɓoye wa dangin yarinya, domin wannan zalunci ne a kan 'yar mutane.

Attajirai da masu rumfuna na Kwari da Kurmi da Singa da sauran kasuwanni su ma da nasu. Maigidan da ya ɗora wa yaro aikin mutum uku, ya kau da kai daga abin da yaron yake haɗiya don ya iya, yana da kaso cikin alhakin. Wanda yaronsa ya dawo daga jinya, ya mayar da shi rumfa, ko da ba za a ba shi ajiyar kuɗi ba tukuna. A fara da awo da ɗaurin kaya, amana ta ƙaru da kaɗan kaɗan, domin zaman banza shi ne babbar ƙofar komawa. Masu kantin magani kuwa su tuna cewa tun watan Mayu na 2018 Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, kuma ribar da aka ci da hankalin ɗan maƙwabci ba ta da albarka ko doka ba ta gani ba.

Shi kuma wanda abin ya kama, in wannan shafi ya kai gare shi ko aka karanta masa, ya sani mutane da yawa sun fita daga inda yake, suna nan da iyalinsu da sana'arsu. Matakin farko shi ne ya gaya wa mutum ɗaya da ya amince da shi. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kamata ya yi iyaye da malamai da iyayen gida su riƙe wannan. Allah ya shiryi zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri, amin.