Wasiƙa Ga Malaman Firamare Na Jibiya: Kada Ku Jira Takardar Likita

Zuwa ga malamai maza da mata na makarantun firamare da na Islamiyya, daga cikin garin Jibiya har Magama, Daddara da Bugaje.

Akwai wani yaro da da yawanku kun taɓa samu a aji. Sai ka kira sunansa sau uku bai waiwayo ba, amma motsin ledar biskit daga ƙarshen aji ya sa ya juyo. Ba ya haɗa ido da kowa. In ka ce masa "Yaya sunanka?" sai ya mayar maka da "Yaya sunanka?" da irin sautinka. In aka kaɗa ƙararrawa ya toshe kunnuwa yana ihu, in aka fita tara ya koma gefe yana jera murafan kwalba a layi, duk wanda ya taɓa masa ɗaya kuwa ranar babu zaman lafiya. A makaranta ana cewa taurin kai ne ko dolanci, a gida an riga an yanke cewa iska ce. Mai yiwuwa larurar galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a maza. Ku auna wannan da yawan yaran da ke cikin rajistar makarantarku. Larurar bambanci ce a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, gado na da babban hannu a ciki, ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba sakacin uwa ke kawo ta ba. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Binciken da wani likitan Ingila ya wallafa a 1998 yana zargin rigakafi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. Na kawo wannan ne don mun san abin da jita-jita kan rigakafin shan inna ta jawo wa Arewa a 2003, kuma tsohuwar maganar cewa rigakafi na kawo galahanga tana yawo a wayoyi har yau.

Ba a gano galahanga da gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa. Sai ƙwararre ya zauna ya lura da yaron, ya ji tarihinsa tun daga goyo. Ku dubi tafiyar da ke gaban uban da ke Jibiya. Zai fara da babban asibitin gari, a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, daga can wataƙila a ce sai Asibitin Malam Aminu Kano. Kowace tafiya kuɗin mota ne na mutum biyu ko uku, da shingayen hanya, da ranar kasuwa ko ta gona da aka rasa, sannan a ba shi wata rana ya dawo. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kakaf ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuma 'yan ƙalilan ne. Ko a Ingila, inda ƙa'idarsu ta ce a fara duba mutum cikin wata uku, a 2024 mutum fiye da 200,000 ne ke kan layin jira. In haka ne a can, to jiran namu ba zai ƙare bana ko baɗi ba, yaron kuma girma yake yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka roƙona guda ne: ku fara taimakonsa daga ranar da kuka lura, ko da takarda ko babu. Ba aikinku ba ne ku sa wa larura suna, kuma ina gargaɗinku kada ku yi. Amma duk abin da ke taimakon yaro mai galahanga a aji ba ya cutar da wanda ba shi da ita, saboda haka ba ku da asarar da za ku yi.

Ku fara da wurin zamansa. Ku sa shi gaba, kusa da ku, nesa da taga da ƙofa, musamman a makarantun da ke bakin titin Magama inda tireloli da babura ba sa yankewa. Ƙarar da ku ba ku ma ji ba, shi tana iya zame masa azaba. Wurin ya zama nasa kullum, kada a riƙa sauya masa. In za ku ba shi umarni, ku fara kiran sunansa, ku faɗi abu ɗaya a gajarce, "Ɗauko allo," sannan ku yi shiru ku ƙirga goma a zuci. Yawancinmu a nan muke kasawa: muna maimaitawa da ƙarfi, muna sauya kalmomi, shi kuma bai gama narkar da ta farko ba. Ku samo bayan kwali ku zana masa tsarin yini: taron safe, karatu, tara, salla, tashi. Ku riƙa nuna masa inda aka kai. In wani abu zai sauya, kamar zuwan masu duba makarantu ko rashin zuwanku gobe, ku sanar da shi tun da wuri. Yaran nan sun fi fahimta da ido, kuma abin da ya fi firgita su shi ne abin da ya zo ba zato.

In yana kaɗa hannu ko yana jijjiga jiki, ku ƙyale shi matuƙar ba ya ji wa kansa ciwo, da haka yake kwantar da hankalinsa. In motoci yake so, ku koya masa ƙirga da tayoyin tirela. Wasu cikinsu suna da hadda mai ban mamaki, malaman Islamiyya kun fi kowa sanin haka, sai dai ba dukansu ba, kada ku ɗora wa kowane yaro wannan tsammani.

Batun bulala kuwa, ku ajiye ta. Lokacin da ya faɗi yana birgima yana ihu, ba raini ba ne, abin ne ya fi ƙarfinsa. Duka ba ya koya masa komai sai tsoron makaranta. Ku janye sauran yara, ku rage magana, ku kai shi inuwa ko ofishin hedimasta har ya dawo hayyacinsa. Na san ajin wasunku ya haura ɗalibi ɗari, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata. Shi ya sa za ku buƙaci mataimaki: ku zaɓi yaro mai haƙuri, ko biyu su riƙa karɓa-karɓa, su raka shi bayi, su zauna da shi lokacin tara, su hana 'yan aji tsokanarsa. Kuma ku sa ido kan fita. Yaran nan sukan sulale ba tare da sanin haɗari ba, ruwa na jan hankalin da yawansu, mu kuwa ga babban titi, ga madatsar ruwa, ga iyaka. Ku shawarci uban ya rubuta lambar wayarsa a cikin rigar yaron.

Akwai wani abu da ya shafi Jibiya fiye da wurare da yawa. Kun karɓi yaran da suka gudo daga ƙauyuka, kun tuna yadda mutanen Shimfiɗa suka cika makarantar sakandaren 'yan mata a 2022. Yaron da ya ga an kashe nasa yana iya daina magana, ya riƙa zabura da ƙara, ya guji mutane. Wanda sanƙarau ko ƙyanda ko ciwon kunne ya taɓa jinsa ma ba zai amsa kira ba. Wanda tamowa ta kama yana ƙarami yana iya jinkirin komai. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, amma maganinsu daban ne. Uwa ce ke da amsar. Ku tambaye ta: kafin ya shekara biyu, yana nuna miki abu da yatsa? Yana waiwayowa in an kira shi? Yana wasan kwaikwayo da sauran yara? Ko kuwa lafiya lau yake sai bayan wani zazzaɓi, ko bayan daren da aka shigo gari? Kuma duk yaron da ba ya amsa kira, a fara auna jinsa. In yana suma ko yana ƙamewa, wannan ba na jira ba ne, farfaɗiya takan zo tare da galahanga kuma tana da magani.

Yanzu ga aikin da na fi ba muhimmanci. Ku ware masa littafin rubutu guda. Duk ranar da wani abu ya faru ku rubuta kwanan wata, abin da ya gabace shi, abin da yaron ya yi, da abin da ya kwantar da shi. Ku rubuta kalmomin da yake faɗa, da abin da ya iya, kada littafin ya zama na laifuka kawai. Likitan Katsina ko Kano zai ga yaron na ɗan lokaci ne, bayan doguwar tafiya, a ɗakin da bai saba ba. Ku kuwa kuna ganinsa kwana biyar a mako. Littafin nan, da wasiƙar hedimasta, da ɗan bidiyon waya in iyaye sun yarda, suna iya sa tafiya ɗaya ta wadatar inda da sai an yi uku. Bidiyon na likita ne kawai, kada ya shiga WhatsApp. Ku ba iyaye kwafin bayanan su riƙe, domin iyalai da yawa a nan ƙafarsu ɗaya na Jibiya ɗaya na Ɗan Isa ko Maraɗi. An rufe iyakar nan a 2019 sai 2022 aka buɗe, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Yaron da rufewa ta rutsa da shi a ɗaya ɓangaren bai kamata a fara labarinsa daga farko ba.

In za ku yi magana da iyaye, ku same su a keɓe, ku fara da alherin yaron, sannan ku faɗi abin da kuka gani ba tare da sa masa suna ba. Ku nemi uban ya kasance a wurin, don shi ke ba da izinin tafiya, kuma a gidaje da yawa uwa ake ɗora wa laifi. Kada ku yi faɗa da addu'a, ku ce a haɗa da asibiti. Amma in kun ji ana maganar duka, ko turara masa hayaƙi, ko ɗaure shi, ku tsaya tsayin daka, ku nemi liman ko mai unguwa su sa baki. Ba mu manta da abin da aka tarar a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ba.

Hedimastoci, kada ku kori yaron da cewa "ba irin makarantarsa ba ce." Ina za shi? Makarantar kurame ta Malumfashi da ta makafi ta Katsina an gina su ne don wasu larurorin daban. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun firamare, dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta ƙarfafa wannan haƙƙin. In yini cikakke ya yi masa yawa, ku fara da awa biyu ku riƙa ƙarawa. Ku kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta, ku ƙirga irin waɗannan yara, ku rubuta wa Sakataren Ilimi ya miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, buƙatar a turo malami ko da guda wanda ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman, ya riƙa zagaya makarantun yankin. Jami'ar Bayero tana yaye irinsu. A ƙarshen zango na uku kuma, malamin aji ya zauna da wanda zai karɓi yaron, ya miƙa masa littafin da kwalin hannu da hannu kafin a tafi hutu.