A Rubuta Mamatanmu Tun Masu Zaman Makoki Ba Su Watse Ba

Ranar 12 ga Janairun 1824 wani likita Bature, Walter Oudney, ya mutu a Murmur kusa da Katagum, a hanyarsa daga Barno zuwa Kano. Sama da shekara ɗari biyu ke nan, amma ranar mutuwarsa da ciwon da ya kwantar da shi suna nan a rubuce, saboda abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya ɗauki alƙalami. A shekarar nan an yi rashe-rashe a garuruwan ƙasar Katagum, malamai da manoma da ungozomomi. Baƙo ya samu mai rubuta shi, 'yan gida kuwa yawancinsu ƙasa ta rufe su tare da labarinsu.

Wani zai ce ai yanzu ana rubutawa. Gaskiya ne, ko an yi rasuwa a Chinade da asuba, kafin azahar hoton mamaci ya cika Facebook da WhatsApp. To amma karanta abin da ke ƙarƙashin hoton: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, Allah ya jiƙansa. Addu'ar tana da kyau, kuma ita mamaci ya fi buƙata. Sai dai shaidar, in ka cire sunan ka sa na wani, babu abin da zai canja. Jikan da za a haifa nan da shekara goma ba zai san kakansa daga wannan ba, in ma wayar da aka ajiye rubutun ba ta lalace ba kafin lokacin.

Manyanmu kam suna samun haƙƙinsu. Da Wamban Katagum Alhaji Aminu Saleh ya rasu a 2015, da kuma Sarkin Katagum Alhaji Muhammad Kabir Umar a Disamban 2017, jaridu sun kawo tarihinsu, ga kwalejin ilimi ta Azare tana ɗauke da sunan Wambai. Sun cancanta. Damuwata tana kan malamin allon da ya shekara arba'in yana wanke wa yaran unguwa allo, da tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin layinsu.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riga mu ganin wannan. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ya fi burge ni shi ne ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa wata mata Zaharatu, wadda aikinta zama da mata a kan gwiwa da yi wa mamata sutura. Ba 'yar sarki ba ce, ba ta ja runduna ba. Asma'u ta faɗi ainihin abin da matar take yi da hannunta, shi ya sa da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukan Asma'u a 1997, duniya ta san an yi wata Zaharatu a Sakkwato. Wannan gadonmu ne, ba aron Turawa ba.

Na san akwai masu ɗari-ɗari, suna tsoron kada a faɗa kururuwar da addini ya hana, ko yabon da ya wuce iyaka. Tsoron yana kan hanya, kuma maganinsa gaskiya. Kada a ce bai taɓa saɓa wa kowa ba, ɗan Adam ne. A ce shi ne ya haƙa rijiyar bakin masallaci, shi ne ya riƙe marayun ƙanensa har ya aurar da su. Aibinsa kuwa a rufa masa asiri, a bar shi da Ubangijinsa.

Lokacin yin aikin shi ne zaman makoki. A kwana ukun nan ne abokan ƙuruciyar mamaci suke zuwa gaisuwa daga Azare, daga Madara, daga Kano, suna zaune a kan tabarma suna ta “ka tuna lokacin da…”. A cikin gida kuma gwaggonni da innoni suna warware dangantakar da samari ba su sani ba. Da an yi addu'ar uku an watse, wasunsu ba za a sake ganinsu ba sai an je tasu gaisuwar. Kowane gida yana da ɗan makaranta ko 'yar makaranta. A ba ɗaya littafin rubutu ya zauna wajen maza, ɗaya ta zauna wajen mata, su nemi izini cikin ladabi: “Baba, don Allah a ina kuka fara haɗuwa da marigayi?” A rubuta sunan mahaifinsa da kakansa, inda aka haife shi, malaman da ya yi karatu a wurinsu, sana'arsa, da shekarar rasuwa ta Hijira da ta Miladiyya. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. A yi kwafi biyu ko uku a raba wa 'ya'ya, kada gara ko gobara ta cinye kwafi guda.