Sharhi: Sa'a ta farko a sashen gaggawa

Akasarin masu karatunmu sun san Old Trafford ne saboda filin ƙwallon Manchester United. Amma 'yan mil kaɗan daga nan akwai asibitin Park da ke Davyhulme, wanda yanzu ake kira Trafford General, inda ministan lafiya Aneurin Bevan ya ƙaddamar da shirin kiwon lafiya kyauta na Birtaniya ranar 5 ga Yuli, 1948. Manufar ita ce a duba kowa gwargwadon larurarsa. Ga mai taɓin hankali, musamman baƙar fata, har yanzu da sauran rina a kaba.

Alƙaluman hukumar lafiya ta Ingila sun nuna cewa yawan baƙar fata da ake tsarewa a ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 ya haura ninki uku na fararen fata, idan aka kwatanta da adadin kowane ɓangare. A watan Maris na 2011, Kingsley Burrell, mai shekara 29, ya kira 'yan sandan Birmingham yana cewa wasu na barazana ga rayuwarsa. Aka tsare shi a sashen masu taɓin hankali, kuma cikin 'yan kwanaki ya rasu. A 2015 kotun binciken musabbabin mutuwa ta gano cewa danne shi na tsawon lokaci da kuma sakaci sun taimaka wajen ajalinsa.

Darasin kuwa yana cikin sa'a ta farko. Idan aka kawo mutum yana sambatu, wajibi ne likita ya fara da jiki: ya auna sukarin jini da zafin jiki, ya duba rauni a ka, ya tambayi abin da aka sha. Ruɗewar da ta auko cikin sa'o'i, har mutum ya kasa sanin inda yake, ta fi nuni ga cutar jiki, alal misali sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa ga wanda ya dawo daga Kano ko Maraɗi. Mai ciwon ƙwaƙwalwa zalla kuwa galibi ya san wuri da lokaci, sai dai yana jin muryoyin da babu su, ko ya haƙiƙance ana farautarsa. Irin wannan mutum a tsorace yake, don haka lallashi a ɗaki mai natsuwa ya kamata ya gabaci allura. Kifa shi a ƙasa na iya tsayar da numfashinsa.

Birmingham ɗin ce kuma ta nuna mafita. A 2009 aka kafa tawagar ƙwararrun ƙwaƙwalwa mai aiki dare da rana a asibitin City, da burin ganin majinyacin sashen gaggawa cikin sa'a guda.

Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, a madadin ta 1958. To amma asibitocin Barnawa da Kware da Dawanau ba za su wadatar ba, muddin ma'aikatan gaggawa na sauran asibitoci ba su sami horo ba. Su ma iyalai akwai nasu haƙƙin: addu'a ba ta hana zuwa asibiti da wuri, kuma ɗan'uwan da ya iya faɗin ranar da ciwon ya soma da abin da majinyaci ya sha ya rage wa likita rabin aiki.