A Saki Ruwan Tiga, Amma A Fara Gaya Wa Manomin Kadawa

'Yan uwa matasa, mu ajiye maganar kujera na ɗan lokaci, mu yi ta ruwa.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya suna ji a jikinsu. Masu cewa a riƙa sakar musu ruwa suna da gaskiya, ban musa ba.

Amma fa ruwan nan daga bakin wani za a cire shi. Manomin tumatir a Kadawa bashi ya ci ya sayi taki da iri. A rage masa ruwan kanal mako biyu lokacin da tumatir ke fure, shi ke nan, furen ya zube. 'Yan ƙwadago su zauna, masu saƙa kwando su zauna, direban da ke lodin Legas ya juya ba kaya. Wa zai biya bashin?

Wakilanmu su tsaya kai da fata a fitar da jadawalin sakin ruwa tun kafin a zuba iri, a sanar da ƙungiyoyin manoma. Kuɗin ruwan da ake karɓa kuma a yashe kanal da shi. Yanzu mai gona a ƙarshen kanal yana biya, sannan ya sayi fetur ya tayar da inji.