Zancen Malam: A Kai Ta Cikin Manya?

A Amurka 'yan mata suna wasan sofbol, inda ɗaya take jefa ƙwallo, wata ta buge shi da kulki. Iyaye sukan matsa a kai 'yarsu gwanar jifa cikin rukunin manya, kamar yadda namu suke roƙon a tsallake wa yaro aji. To, 'yan shekara 10 suna jifa daga nisan ƙafa 35, da ƙwallo mai kewayen inci 11. Na 'yan shekara 12 kuwa ƙafa 40 ne, da inci 12, wanda ƙaramin hannu ba ya riƙe shi sosai. A ganina, in tsararrakinta sun kāsa taɓa jifarta sam, a kai ta. Amma a tambayi mai koyarwa tukuna, jifa za ta yi ko zaman benci? A tambayi yarinyar kuma, gama ƙawayenta za ta bari a baya.